Allurar Da Ta Daina Rawa

Shafi na 31

Masu buga mini ƙofa tun da safe da "ina sauran?", ga shi nan, ku sarara mini haka. Waɗanda suka ƙarar da zaginsu kaf a kan Yaya kuma, na tausaya muku, da kun rage kaɗan. Yau za ku nema ku rasa.

* * *

Kwana tara ke nan da faɗuwar jirgin, kwana tara Baba bai kira sunan Auta ba.

In yana son ruwa sai ya ce, "A ce wa waccan ta kawo ruwa," alhali tana tsaye a gabansa da kofin a hannu. Auta ta haɗiye wannan. Ta haɗiye kallon da maƙwabtan shago ke bin ta da shi, ta haɗiye har maganar mai walda na gefe, wanda ya ce shi tun da ya ga mace na haɗa jirgi marar matuƙi ya san za a rina. Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro shi ne takardar da yayanta ya ajiye mata a kan teburin aiki tun jiya, ya ɗora biro a kai.

Takardar ba ta da tsawo. Cewa take ita, injiniyar da ta haɗa allon lantarkin da ke gaya wa jirgin feshi nisansa da ƙasa, duk abin da ke kan allon hannunta ne ya sa shi, kuma ta yarda kuskuren nata ne. In ta sa hannu, hukuma za ta karɓe lasisinta, shagon Baba ya ci gaba da aiki. Shekara bakwai ta yi tana wahalar lasisin nan. Mai Bincike daga hukumar kuma ƙarfe sha biyu zai iso.

Wallahi da niyyar sa hannun ta fito daga gida. Duk wanda ya ga abin da ta gani ranar gwaji ba zai tsaya jayayya a kan takarda ba. Jirgin ya sauko ya daki ƙasa kamar bai san da ita ba, ya yi tsalle ya nufi rumfar baƙi, Baba ya ɗaga hannun dama don ya kare fuskarsa, farfela ta tafi da yatsu biyu. Tun a motar asibiti Auta ta yanke wa kanta hukunci.

Sai dai yau Yaya ya yi abin da bai yi ba a kwana taran nan. Ya buɗe sito, ya fito da gawar jirgin ya shimfiɗe a kan babban tebur, don Mai Bincike ya ce a nan yake son ya tarar da ita. Ya lulluɓe da tamfol, ya ja wa Auta kunne kada ta taɓa, sannan ya tafi kai Baba wankin ciwo.

Ta taɓa.

So kawai take ta yi wa allonta kallon bankwana. Cikin jirgin a fashe yake, ba sai an kwance ko kusa ɗaya ba. Ta ɗaga murfin da ya karye, ta leƙa.

Ta ƙara matsowa.

A bakin allon, daidai inda waya ke fita zuwa ƙwaƙwalwar jirgin, ga wata ƙatuwar kafasita shuɗiya, irin gwangwanin nan mai tara wuta, mai kaurin babban yatsa, ta zauna daram kamar da ita aka haifi allon. Auta ta san allon nan fiye da tafin hannunta. Ba ita ta sa wannan ba.

Nan take yammacin da ya gabaci gwajin ya dawo mata. Yaya ne tsaye a kanta, yana hararar ma'aunin wutar da ta jona a allon.

"Me ya sa allurar nan take rawa?"

"Saboda gaskiya take faɗa, Yaya."

"Ni ba wa'azi na ce ki yi mini ba. Gobe masu gona za su zo, su ga allura na karkarwa kamar mai zazzaɓi, su ce kayanmu na bogi ne."

Ta sake yi masa bayani, karo na uku. Sensar da ke ƙarƙashin jirgin, wato idonsa mai hango ƙasa, ƙiftawa take yi, sau goma a daƙiƙa ɗaya, wuta ta zo ta ɗauke. In ƙasa ta yi nisa, wutar takan daɗe kafin ta ɗauke. In ƙasa ta matso, sai ta ɗauke da wuri. Ita kuwa ƙwaƙwalwar jirgin ba ta jin wannan yaren, ita dai a ba ta wuta tsayayya, mai ƙarfi na nufin ana sama, mai rauni na nufin an kusa ƙasa. Allon Auta shi ne tafinta a tsakaninsu. Ta sa masa wani ɗan cif da bai kai farce ba, yana auna tsawon kowace ƙiftawa, yana miƙa wutar da ta dace nan take. Ƴar rawar da allura ke yi kuwa, ƙasar ce ba shimfiɗaɗɗiya ba, sensa tana ganin kowane ganye da kowace kunya.

Baba na can kusurwarsa, cikin tsofaffin rediyoyin da ya shekara arba'in yana gyarawa kafin ƴaƴansa su cika masa shago da jirage. Bai ɗago ba ya ce, "Rediyo in yana gurnani, kafasita babba ake ƙara masa, ya yi shiru."

Ta yi dariya. Allah ya sani ba da raini ta yi ba, amma ta yi.

"Haba Baba, jirgi ai ba rediyo ba ne. Kafasita randa ce. Ƙaramar randa, ka zuba ruwa ka ga ya hau nan take. Babba kuwa, sai ka yi ta zubawa kafin ta nuna. Wannan ƙiftawar a hankali take zuwa, randar da za ta shanye ta sai ƙatuwa. Allura za ta tsaya cik, amma labarin daƙiƙa biyu da suka wuce za ta riƙa ba jirgin. Yana ƙasa, yana zaton yana sama."

Mai walda da ya shigo aron filaya ya taya ta dariyar. Baba ya ci gaba da gyaran rediyonsa.

Yana ƙasa, yana zaton yana sama. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari ba ragi.

* * *

Ta ji tsayuwar mota. Ta ji Yaya yana zaunar da Baba a kujerarsa ta gaban shago, yana gyara masa matashi a ƙarƙashin hannu. Ya shigo ɗakin aiki yana kaɗa makulli, ya ga tamfol a ƙasa, ko gezau bai yi ba. Ya mayar da ƙofa ya rufe.

"Na ce kar ki taɓa."

"Wa ya sa wannan?"

"Kin sa hannun?"

"Yaya, wa ya sa wannan a allona?"

"Allonki. Madalla, kin faɗa da bakinki."

"Kai ne!" Muryarta ta fashe. "Kai ka tsani rawar allura. Da safen gwaji ka aike ni karɓo takardar izinin tashi, na bar allon nan lafiya lau, na dawo na tarar an rufe cikin jirgi. Kwana tara kana kallona ina kuka. Kwana tara ina kai wa Baba magani yana kau da kai. Ka yanke wa mahaifinka yatsu, ka ɗora mini, har kana da ƙarfin halin miƙo mini biro?"

Ya jingina da ƙofa, ya harɗe hannuwa, ya bar ta ta gama. Sannan ya yi dariya, irin ƴar dariyar nan ta hanci da yake mata tun suna yara in ta faɗi.

"Kin gama, Injiniya?"

"Zan gaya wa Baba. Yanzun nan."

"Je ki. Amma kafin ki je, juya allon."

"Me?"

"Shekara bakwai ana karatu, ashe ba a kai darasin juya allo ba. Juya shi ki ga bayansa."

Allon na rataye da wayoyinsa. Ta sa yatsu biyu ta juya shi.

Ƙafafun kafasitar ba a miƙe aka soka su ba, kamar yadda ita take yi, kamar yadda kowa yake yi a yanzu. An lanƙwasa kowace ƙafa ta zama ƴar ƙugiya, an sarƙafa ta da ƙafar da ke kusa, aka ɗiga dalma a kai. Dalmar sumul, tana ƙyalli kamar ɗigon ruwa.

"Duba da kyau," in ji Yaya. "Yaushe dalmata ta taɓa ƙyalli haka? Ba ke kike cewa in na yi dalma kamar kaza ta yi kashi a allo ba?"

Ta zauna a kan kujerar ƙarfe.

Ƙugiyar nan ita ce tambarin Baba. Masu gyaran rediyo in suka buɗe akwati suka gan ta, sai su mayar da murfi su ce wa mai shi, "Hannun dattijon nan ya riga ya shiga, matsalar ba a nan take ba." Shekara uku Baba ya yi yana koya wa Yaya, hannun Yaya ya ƙi ɗauka. Auta kuwa in ta matso sai ya ce, "Tashi daga nan, wuta ba abin wasan ƴan mata ba ce." Daga bakin ƙofa ta riƙa leƙe. Ta riƙa tsintar guntayen waya tana gwadawa a bayan gida har yatsunta suka yi tabo, amma kullum tata sai ta zame, akwai wani abu guda da idonta bai taɓa kamawa daga nesa ba. Ranar da ta yi wadda ta fi kowace kyau, tana ƴar shekara tara, ta kawo masa a tafin hannu tana rawar jiki. Ya ce ta matsa ta tare masa haske.

"Ƙarya kake," ta ce, amma ita kanta ba ta ji ƙarfi a maganar ba.

"Kina fita Baba ya ce in buɗe masa cikin jirgin. Minti uku ya yi. Allura ta tsaya cik, har na tafa masa."

"Me ya sa ba ku cire ta ba, tun da kun sani?"

"Mutanen hukuma sun ɗauki hoton komai tun a fili, ciki da waje, ke kina can asibiti kina ta ihu. In na cire, na shiga uku." Ya ɗauko takardar ya kaɗa mata a fuska. "Saurara ki ji, tun da kanki sai an fasa ake zuba masa magana. Baba ba shi da lasisin taɓa abin da ke tashi sama. In aka ce shi ne, a rufe shago, a sauke allon sunansa daga bakin ƙofa, wataƙila har a tsayar da shi gaban alƙali da hannu a naɗe. In ke ce fa? Takarda ɗaya za su karɓa. Ƴar takarda, Auta. Ki koma gida ki huta, dama kin rame."

"Ƴar takarda."

"To mene ne? Yatsa ce?"

Ta ɗago idanunta da suka kaɗa. Tambaya ɗaya ta rage mata, kuma tana tsoron amsarta fiye da Mai Bincike.

"Baba ya san abin da ya sa ne ya kayar da jirgin?"

"Tun kafin jini ya tsaya ya sani."

"Ya san da takardar nan?"

Yaya ya yi murmushi har haƙoransa suka fito.

"Shi ya faɗi abin da za a rubuta. Ni biro kawai na riƙe."

* * *

Baba na zaune inda yake zama kullum, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a gefensa, hannun dama a naɗe fari tas a kan matashi. Ta zo ta durƙusa a gabansa. Ya ci gaba da kallon titi.

"Baba."

Bai juyo ba.

"Baba, na ga ƙugiyar."

Ya miƙa hannun hagu a hankali ya kashe rediyon. Karo na farko a kwana tara ya dube ta, kuma da ma bai duba ba, don babu ko ɗigon kunya a idon.

"To?"

"To kawai, Baba?"

"Gyara miki na yi. Allura ta tsaya ko ba ta tsaya ba?"

"Ta tsaya."

"To ni aikina ya yi. Jirginki ne ba shi da hankali."

"Na gaya maka zai makara. A gabanka na faɗa."

"A gabana kika faɗa." Ya gyaɗa kai. "A gaban ɗan'uwanki, a gaban mai walda. Kika buɗe baki kika yi mini dariya. Shekara arba'in ina riƙe da ƙarfen dalma, yarinyar da na yi wa huɗuba za ta koya mini randa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Amma Baba, wannan karon ni na hango."

Ba ta san maganar za ta fito ba. Fuskarsa ta canza kamar ta watsa masa ruwan zafi. Ya ɗaga naɗaɗɗen hannun ya kawo shi dab da idonta, har warin magani ya cika mata hanci.

"Dubi nan. Duba mana! Wannan hannun ne ya ciyar da ke. Ni na ba da yatsu biyu, ke me kika bayar? Wa ya kawo jirage shagon nan? Ina zaune lafiya da rediyona kuka zo kuka ce zamani ya wuce ni. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ba zafin lasisin take ji ba a wannan lokacin, zafin kwana taran take ji. Kowace safiya da ta durƙusa ta gaishe shi ya juya mata ƙeya, kowane kofi da ta miƙa ya ce a ce wa waccan, ashe yana sane. Yana kallonta tana cin kanta, yana ƙara mata gishiri don ta yi laushin sa hannu.

"Baba, da ka kira ni ka ce, 'Auta, ni ne, rufa mini asiri,' wallahi tallahi da tun ranar na sa hannu. Ko tambaya ba zan yi ba."

"Ni in roƙe ki?"

"Ba roƙo ba. Ka faɗa mini gaskiya kawai, ni da kai."

"Ni in roƙe ki," ya maimaita, kamar bai ji ta ba. Ya mayar da hannun kan matashi. "Tashi ki sa hannu. In kika bari aka sauke sunana daga ƙofar nan, ba ni ba ke. Ko gawata aka shimfiɗe, kar ki tsaya a kanta."

"Salamu alaikum."

Dukansu suka juya. Wani ɗan gajeren mutum ne a bakin ƙofa, tabarau rataye a wuyansa da igiya, ƴar jaka a hammata. Ƙarfe sha biyu saura minti ashirin.

"Ku yi haƙuri na yi sammako. Ni ne mai binciken."

* * *

Mutumin ba mai yawan magana ba ne. Ya gaishe da Baba da ladabi, ya yi masa sannu da jiki, ya wuce wurin gawar jirgin. Yaya sai rawar ƙafa yake, ya kawo kujera, ya kawo ruwa, ya turo takardar gabansa.

"Ranka ya daɗe, ai mun sauƙaƙa maka aiki. Ƙanwata ta riga ta amsa laifinta, sa hannu kawai ya rage."

"A ajiye tukuna."

Ya sa tabarau. Ya juya allon gaba, ya juya shi baya, leɓɓansa na motsi kamar mai lazimi. Baba ya taso da kansa ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin aikin, a daidai wurin da Auta ta saba tsayawa tana ƙarama.

"Dalma sittin da huɗu ce a allon nan," in ji Mai Bincike. "Sittin da biyu hannu ɗaya ne. Hannu mai tsabta, na yaba." Ya dubi Auta ta saman tabarau. "Naki ne, Injiniya?"

"Nawa ne."

"Wanda ya yi tunanin sa cif ya auna ƙiftawar nan ɗaya bayan ɗaya ya san abin da yake gudu. Mai wannan tunanin ba ya dawowa ya ɗora randa a bakin ƙofa." Ya nuna kafasitar da bakin biro. "Waɗannan biyun wani hannun ne. Na wane ne?"

Yaya ya buɗe baki, amma Baba ya riga shi.

"Nata ne."

Muryarsa a natse, irin muryar dattijon da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

"A gabana ta sa, da safen gwajin. Na ce mata, yarinya, kar ki ƙara abin da ba a gwada ba. Ta yi mini dariya, ta ce ni rediyo na sani." Ya ɗan ɗaga hannun don mutumin ya gani. "Ga inda dariyar ta ƙare."

"To ƙugiyar fa, Baba? Wannan aikin mutanen da ne."

"Ni na koya mata. Tun tana ƴar ƙarama nake zaunar da ita a cinyata ina koya mata. In tana sauri, hannunta kan koma can."

Auta ta riƙe gefen tebur. Duk abin da ya faɗa tun safe bai soke ta kamar wannan ba. Cinyar da ba ta taɓa hawa ba, darasin da ta roƙa har ta gaji, yau ya ɗauko su ya ba ta a gaban baƙo, don ya rataye ta da su.

"Haka ne, Injiniya?"

Ta dubi Baba.

Mai Bincike ya jira, ya ga ba amsa, sai ya cire tabarau ya sake shi a ƙirji.

"Ba komai, ni dama ba da baki nake aiki ba." Ya jawo wani mataccen allo daga kwandon shara, ya buɗe aljihun teburin Baba ya zaɓo kafasita shuɗiya irin waccan, ya jona ƙarfen dalma a wuta. Ya jera su a gabanta, ya ɗora filaya a gefe. "Yi mini ƙugiya biyu. In suka fito iri ɗaya da waɗancan, na karɓi takardarki, na karɓi lasisinki, magana ta ƙare, shago ya ci gaba. In ba su fito ba, zan koma in tambayi wanda ya kamata in tambaya." Bai dubi Baba ba, amma kowa ya san inda maganar ta sauka. "Bari in ɗauko gilashina mai ƙara girma a mota. Kafin in dawo ƙarfen ya yi zafi."

Ya fita.

Gumi ya keto wa Yaya. "Kin iya? Auta, don Allah ce mini kin iya!"

Kallon kafasitar take yi. In ta gwada da iyakar ƙoƙarinta ma, ƙugiyar za ta zame, kamar yadda ta saba zamewa tun tana shekara tara. Ba sai ta ce komai ba. Ba sai ta tona wa kowa asiri ba. Hannunta kawai zai kasa abin da ba a taɓa koya masa ba, lasisinta ya tsira.

Sai ta ji takun Baba.

Ya zo ya tsaya a bayanta, kusa, yadda bai taɓa tsayawa ba a duk shekarun da ta yi tana aiki a shagon nan. Ya sunkuyo. Ya ɗora hannun hagu a kafaɗarta.

"Auta."

Ya kira sunanta. Kwana tara.

"Auta, ƴata. Saurara da kyau, ba lokaci." Murya mai taushi, irin wadda take jiyowa daga bakin ƙofa yana yi wa Yaya. "Ba a lanƙwasa ƙafar tana tsirara. Ki fara shafa mata dalma siririya tukuna. Sannan ki lanƙwasa, ki sarƙafa, ki matse bakin ƙugiyar da filaya kafin ki kawo wuta. Matsewar nan ce ba kya yi. Shi ya sa taki take zamewa."

Ta juyo a hankali ta dube shi.

"Tawa?"

"Wadda kika kawo mini a tafin hannu. Saura kaɗan ta yi. Matsewa kawai ta rasa."

"Ashe ka gani."

"Na gani mana."

"Ka ce in matsa na tare maka haske."

"Ba yanzu ba, Auta. Kin dai riƙe? Shafa, lanƙwasa, matse."

Shekara ashirin tana jiran darasin nan, ga shi an ba ta shi a minti ɗaya, cikakke, ba a rage mata komai ba. Yanzu ta iya. Ta ji a yatsunta ta iya.

Ƙofa ta buɗe. Baba ya janye hannunsa daga kafaɗarta, ya koma baya taku biyu.

Mai Bincike ya ajiye gilashin a kan tebur. Ya taɓa bakin ƙarfen da zaren dalma, hayaƙi ya tashi siriri.

"Ya yi zafi," ya ce. "Bismillah, Injiniya."

Auta ta ɗauki filaya.